Ƙwallon Bakancen Baba Críspulo

Carúpano, 14 ga Afrilu, 1997

Argenis,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da kake yi mana kuka da ita kamar a kanka aka fara ciwon gwiwa. Mu nan sai godiya. Kifi ya yi tsada, man suya ya ƙona mini hannu sau biyu a watan nan, amma wa ya damu.

Na ga katinka na Ista. Layi uku. Ko "sa mini albarka, Yaya" babu, ni da na riƙe ka a coci ranar baftismarka, na kuma raine ka tun da Mama ta rasu kana ɗan shekara huɗu. Ba komai. Wanda ya sha ruwan Amurka ai ya wuce roƙon albarka a wurin mai suyar empanada, fanken nan mai kifi a ciki, a bakin kasuwa.

Ba don kaina na ɗauki biro ba, don Baba ne. Ciwon sugan da ya cinye masa ido yanzu ya sauka ƙafa, likita kuma ya daina kallon fuskata in yana magana. Amma akwai abin da ke cinsa fiye da ciwon, kai ma ka sani. Ranar da Amurkawa suka zo suka sa ka sa hannu a takardar besbol, Baba ya durƙusa gaban Maryamu ta Kwari ya yi bakance. Ya ce ƙwallon bugunka na farko a Babbar Gasa, wadda ake cirewa daga wasa a miƙa wa mai bugun, shi da kansa zai hau jirgin ruwa ya kai mata cocinta da ke tsibirin Margarita. Ya ɗora farantin shayin Mama a gaban hotonta, wai a nan ƙwallon za ta huta kafin tafiya. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina goge farantin nan kowace Asabar.

Shekara goma sha huɗu ka yi kana wasa, kana gararamba a bas daga wannan ƙauyen Amurkawa zuwa wancan. Aka kira ka Babbar Gasa, ka yi kwana goma sha tara. Sau huɗu ka riƙe sanda, ko sau ɗaya ba ka yi bugun da ya kai ka ko zangon farko cikin waɗanda ake zagayawa a filin ba. Ɗan Críspulo Villarroel fa, wanda duk gaɓar tekun nan ba a taɓa yin mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku kamarsa ba! Yanzu kuma wai koci. Na tambayi Nicanor mai aski ko mene ne aikin kocin zango na uku, sai ya miƙe tsaye yana taɓa hula, yana taɓa kunne, yana shafa ciki, yana juya hannu kamar ɗan sandan kan titi. Na yi dariya har da hawaye. Ashe susa ake biyanka ka yi a gaban jama'a.

To, ga abin da nake so. Tsohon nan tsoro yake ji kada ya mutu da bakance a wuyansa, ka kuwa san wanda ya tafi bai cika ba ba ya samun kwanciya. Ƙwallo dai ba ta yi muku ƙaranci a can ba. Ɗauki ɗaya, ka rubuta mata kwanan wata na Satumbar 1986, ka aiko. Zan ce masa Amurkawa ne suka yi kuskure a takarda, yanzu sun gyara. Makaho ne, ina zai gane? In ba ka iya bugu ba, ai ka iya rubutu.

Ba sai ka zo ba. Ka aiko kawai.

Yayarka,
Zoraida

Tulsa, 9 ga Mayu, 1997

Yaya Zoraida,

Na samu wasiƙarki, tun kafin in yage ambulan ƙaurin man suya ya gaishe ni. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, ta gode da tambaya. Ki gaida Nicanor, ki ce masa ya tsaya a almakashinsa.

Susa, ko? Bari in gaya miki, ko da yake na san zuba ruwa a kwando nake yi. Manaja yana zaune a benci, ya ba ni alama, ni kuma in miƙa wa mai sanda ba tare da abokan gaba sun gane ba. In mutum ya taso da gudu daga zango na biyu, ƙwallo tana bayansa, ba ya ganinta, hannuna ne idonsa. In na juya ya wuce gida ya ci maki, in na ɗaga ya tsaya, kuma ƙiftawar ido nake da ita in yanke. Kowace safiya ina buga wa masu tsaron zango ƙwallo ɗari uku a ƙasa har sai hannunsu ya koyi abin da Baba ya koya wa nawa a filin tsakuwa na bayan tashar jirgin ruwa. Uku daga cikin waɗanda na koya wa tsugunnawa gaban ƙwallo suna Babbar Gasa yau. Ke dai iyakar saninki a besbol shi ne ranar wasa ciniki ya fi tafiya.

Ƙwallon ƙarya kuwa ba zan aiko ba. Ke kike zuwa coci kowace safiya, ni sai Kirsimeti, amma ni ne zan tuna miki cewa ba a kai wa Maryamu jabu? Kuma wa kike shirin yi wa wayo? Mutumin da yake juya mini baya ina buga murfin kwalba da sandar shara, ya gaya mini da kunne kawai ko na same shi a tsakiya ko a gefe?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne "ba sai ka zo ba", kamar an taɓa cewa in zo. Wasiƙar Oktoban 1986 tana nan a jakar safata, ta yi laushi don ninkewa. "Baba ya ce kada ka tako gidan nan sai da ƙwallon a hannunka." Bakinsa ne, rubutunki ne. Kowace shekara ina sauka Maracaibo don gasar ƙarshen shekara, wata uku ina cikin ƙasarmu, ina ganin motocin gabas suna lodi a tasha, in juya in koma masauki. In na bugo waya gidan maƙwabta, Baba ya ƙi karɓa, wai albarka ba ta bin waya, sai hannu a kai. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da in ji "Allah ya yi maka albarka" daga bakinsa. Kullum a ɗakin sauya kaya ina jin 'yan ƙasarmu suna roƙon iyayensu albarka a waya kafin wasa, ni sai in sunkuya in yi kamar ina ɗaure takalmi.

Tambaya ɗaya za ki yi masa. Maganar nan tana nan, ko ya janye? In ya janye, ƙwallo ko ba ƙwallo, zan zo.

Argenis

Carúpano, 2 ga Yuni, 1997

Argenis,

Muna lafiya. Ƙafar Baba ta ƙara kumbura, yanzu sai ni da Nicanor mun ɗaga shi zuwa kujerar ƙofa. Na ga huɗubarka, Allah ya ba da lada. Ban san cocin Tulsa ya yi sabon fada ba.

Tunda ka ƙi, ni na yi da kaina, kuma zan gaya maka yadda ta kaya kafin ka ji a bakin wani. Na je kantin kayan wasa na kan titin coci na sayi ƙwallo sabuwa ful a cikin kwalinta, na rubuta kwanan wata da hannun hagu don ya yi kama da rubutunka. Ranar Lahadi bayan cin abincin rana na sa masa ita a hannu, na ce, "Baba, ga saƙon Argenis. Ashe kuskure aka yi."

Ya karɓa. Ya juya ta, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya kai ta hanci. Can sai ya ce, "Zoraida, nawa kika saya?"

Na ce, "Haba Baba, saya kuma?"

Ya ce, "Ƙwallon da za a yi wasa da ita sai an shafe ta da laka, don kada ta zame wa mai jifa. Wannan santsinta kamar goshin jariri. Ba ta taɓa ganin ƙasa ba, balle sanda. Ido na rasa, yarinya, ba hannu ba."

Yarinya! Ni da shekara hamsin da uku. Kafin in buɗe baki ya wurgo ta, kuma na rantse maka sai da ta faɗa cikin tukunyar miyar kifi da ke kan murhu, taku goma daga inda yake zaune. Miya har rufin ɗaki. Nicanor yana ta ƙyaƙyata dariya yana cewa hannun tsohon yana nan. Ni na kwashe miya a ƙasa, kamar yadda nake kwashe komai a gidan nan. Wa ya taɓa gaya mini ana shafa wa ƙwallo laka? Wasan manya ke nan da kuke taƙama da shi, a sayi abu sabo a ɓata shi da gangan.

Da ya huce sai ya fito da wata tambaya da ta daɗe tana masa yawo a ka. Wai rediyo ya ce sau huɗu ka tsaya da sanda a Babbar Gasa, amma jaridar da aka karanta masa ta rubuta uku. Ina na huɗun ya shiga? Nicanor ya ce ai toke ka yi, shi ya sa ba a ƙirga ba. Na ce a fassara mini. Wai ba ka ma kai bugu ba, tara sandar kawai ka yi, ƙwallo ta ɗan gangara, aka fitar da kai don wani ya matsa gaba. Tir! Damarka ta ƙarshe a duniya, ubanka yana jira da faranti, aka ce ka kwanta ka kwanta. Ko akuya in za a yanka ta tana shure-shure.

Maganar tambayar da ka ce in yi masa, ban ga amfanin tono tsohon zance ba yanzu da jininsa ke hawa. Ka bari ya ɗan samu sauƙi.

Zoraida

Tulsa, 3 ga Yuli, 1997

Yaya,

Ina lafiya. Na ji labarin miya, ban tausaya miki ba.

Tambaya ɗaya na ce ki yi, kin kasa. Bakin da ke iya tsayar da kasuwar Carúpano a kan canjin kwabo ya kasa furta kalma biyar. To, ragowar wasiƙar nan ba taki ba ce. Na kwafe ta na aika wa Nicanor a shagonsa, shi zai karanta wa Baba ranar Asabar in ya zo yi masa aski, ba tare da ƙarin gishirinki ba.

Baba, sa mini albarka.

Ka tambayi inda na huɗun ya shiga. Ga shi. Wasan ƙarshe ne na shekarar, zagaye na tara, an yi kunnen doki. Ukun farko duk an fitar da ni, biyu ma ban taɓa ƙwallon ba, ba zan ɓoye maka ba. Manaja ya waiwayo benci ya kira sunana, bai ma iya faɗarsa daidai ba. Akwai mutuminmu a zangon farko, ba a fitar da kowa ba tukuna. Ina ɗaukar sanda sai wani ɗan Dominika da muka sha wahalar bas tare ya riƙe mini riga, ya ce, "Ɗan'uwa, toke za su ba ka. Ka yi kamar ba ka ga alamar ba. Shekararka ashirin da takwas, ba za su sake kiranka ba."

Na tsaya, na dubi kocin zango na uku. Ya taɓa hula, ya taɓa bel, ya ja kunne. Toke. Na tuna farantin Mama, Baba, na gan shi a idona kamar yana kan ciyawar filin. Mai jifan kuma ya gaji, na san zai ba ni wadda nake so, kuma ya ba ni ita, madaidaiciya a daidai bel. Amma kai ne ka taɓa marina a filin tsakuwa ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da na ƙi bin alamarka na yi bugun da ya tsallake katanga. Jama'a suna tafi, kai kana marina. Ka ce wanda ya ƙi bin alama ba ɗan wasa ba ne, ɓarawo ne da ya saci rabon abokan wasansa takwas.

Na tara sanda. Ƙwallon ta gangara ta gefen zango na uku ta tsaya cak a kan ciyawa, kamar an ajiye ta da hannu. Aka fitar da ni, mutuminmu ya isa zango na biyu, na bayana ya buga, ya shigo gida, muka ci. Duk aka ruga aka rungume wanda ya buga. Ni ko a takarda ba a rubuta na riƙe sanda ba, don haka dokar take.

Ƙwallon ta ƙuje a ƙasa, alƙalin wasa ya jefar da ita gefe, ta gangaro bakin benci. Ba wanda ya miƙa mini, ni na sunkuya na sa a aljihu kamar mai tsintar mangwaro. Tana nan wurina, da lakarta da tabon ciyawa. Ba ita ka yi wa Maryamu alkawari ba, na sani, shi ya sa ban taɓa aiko ta ba.

Ka ce kada in tako gidanka sai da ƙwallon bugun farko. Na bi wannan ma, shekara goma sha ɗaya. Ba ni da ita, kuma ba zan taɓa samunta ba, don na ajiye sanda tun 1990. Ina roƙonka ka janye.

Ɗanka,
Argenis

Carúpano, 6 ga Agusta, 1997

Argenis,

Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Baba yana raye, ba ya iya tashi. Wasiƙarka ta iso shagon Nicanor ƙarshen watan jiya, ya zo da ita ranar Asabar da tabaraunsa a kan hanci, yana ji da kansa kamar mai karanta labarai a rediyo. Ina tsakar gida ina gyaran kifi, ina jin komai.

Da aka zo wurin token, tsohon nan sai da ya ɗago daga matashi. "A kan ciyawa ta tsaya? Ta gefen na uku? Sake karantawa!" Sau uku aka maimaita masa. Yana dariya hawaye na bin kuncinsa, yana cewa, "Ɗana ne wannan. Ku ji toke! Duk Amurka akwai mai irin hannun nan?" Sai Nicanor ya kai ƙarshen wasiƙar. Na ji Baba ya ce, "Wa ya ce kada ya tako gidana?" Daga nan ya kira sunana, cikakke, yadda bai kira ba tun ina 'yar makaranta.

To, ni ce. Ka ji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa dai ya yi shekara goma sha ɗaya kafin in kai bango. Abin da Baba ya ce in rubuta a Oktoban nan shi ne, "Ka zo gida, za a dafa maka miyar kifi. Ƙwallo sai baɗi." Ni na ajiye wannan na rubuta waccan. Na ce masa kuma kai ne ka ƙi zuwa, wai ka zama ɗan Amurka, gidanmu ya yi maka wari. Duk wasiƙar da ka taɓo zancen, tsallakewa nake yi.

Kana son ka ji dalili? Na bar makarantar koyon malanta don in wanke maka wando. Baba ya sayar da komarsa ta kamun kifi ya saya maka safar hannu ta fata, ni ko takalmin coci sai aro. Saurayina Heriberto ya jira ni shekara biyar, ya gaji, ya tafi rijiyoyin mai ya auri wata. Kullum ana ce mini in yi haƙuri, in Argenis ya shiga Babbar Gasa kowa zai huta. Ka shiga, ka fito hannu rabbana, abin da ya fara fitowa daga bakin tsohon nan kuma shi ne in je in sayo maka kifi. Raina ya ɓaci. Na yi niyyar ka ji zafi na shekara guda kawai, daga baya na rasa ta inda zan warware.

Amma kada ka ɗora mini kayan duka. Wane irin ɗa ne layi ɗaya a takarda zai hana shi gidan ubansa shekara goma sha ɗaya? Da ni ce, da na hau motar dare na zo na ɓalle ƙofa, in ya so ya kore ni da bakinsa. Kai kuwa aka ba ka alama, ka bi, ko waiwaye ba ka yi ka ga wa ya ba ka ita ba. Haka kake tun fil azal.

Tun ranar Asabar ɗin nan, kowace safiya in na ce "Baba, sa mini albarka", sai ya juya fuska bango. Ban taɓa wayar gari babu ita ba tun da na iya magana. In wannan zai faranta maka rai, to ga shi.

Ya ce da hannun da na rubuta waccan zan rubuta wannan, kuma Nicanor yana tsaye a kaina yana dubawa. Ga maganarsa. Ka zo. Ka taho da ƙwallon token, ita za a kai Margarita, Maryamu ta fi Amurkawa sanin abin da ake ƙirgawa.

Zoraida

Carúpano, 3 ga Satumba, 1997

Argenis,

Na san saƙo ya same ka. Na bugo ofishinku ranar, wata mata ta ce kuna kan hanya, wasan waje na kwana goma sha biyu, ta rubuta abin da ta iya ganewa. Baba ya rasu ranar Lahadi, ashirin da huɗu ga Agusta, da hantsi. Mun binne shi Litinin kusa da Mama. Tsofaffin abokan wasansa shida ne suka ɗauki akwatin, biyu da sandar dogarawa. Har jiya da aka gama addu'ar kwana tara ina sauraren ƙofa, ba ka zo ba, ba ka bugo ba.

Tun da na aika waccan wasiƙar yake ƙirga kwana. Mota ta tsaya a titi, ya ce, "Duba." Ya sa na wanke farantin da sabulu, na sauya masa kyalle.

Akwai abin da ya bar maka, kuma a hannuna ya bar shi. Safiyar Lahadin numfashinsa ya sauya, Nicanor ya ruga kiran fada, muka rage daga ni sai shi. Ya ce in durƙusa. Na ɗauka tawa zai ba ni, bayan sati uku yana juya mini baya. Ya lalubo kaina, ya ɗora hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Argenis." Sai ya ce, "Wannan ba taki ba ce. Ajiya ce. Ki sa hannunki a kansa ki ba shi, ba a takarda ba, ba a waya ba. Ranar da kika ba shi, ranar taki za ta same ki." Kafin fada ya iso ya cika.

Ka ga yadda tsohon nan ya ɗaure mu. Har a bakin kabari sai da ya ba da alama. Ba na barci sosai, hannun nan nawa na dama nauyi yake yi mini ko ludayi na ɗauka. Ba roƙonka nake yi ba, ban iya ba. Kayanka ne, ka zo ka karɓa.

Yayarka,
Zoraida

Maracaibo, 12 ga Oktoba, 1997

Zoraida,

Ina lafiya. Mun fara atisaye, zafin garin nan yana nan yadda kika san labarinsa.

Ranar ashirin da shida ga Agusta muka sauka daga bas a Tulsa. A akwatin saƙona na tarar da wasiƙarki ta ranar shida, da 'yar takardar saƙon waya a kanta. "Ka zo" da "ya rasu" a minti ɗaya na karanta su. Kin san lambar ofishinmu ranar da ya mutu, amma ba ki san ta ba ranar da ya ce in zo. Kwana goma sha takwas yana sauraren mota, wasiƙa tana tafiyar hawainiya, waya kuma tana gidan maƙwabta, taku ashirin daga murhunki. Ya ce ki rubuta, bai ce kada ki kira ba.

Maganar ajiya na karanta ta ya fi sau hamsin. Ta yi kama da shi, har muryarsa nake ji. Amma waccan ta Oktoban 1986 ma ta yi kama da shi, shi ya sa na yarda da ita. Kin iya bakinsa, Zoraida, kin fi kowa iyawa. Nicanor ya fita, fada bai iso ba, daga ke sai shi, kamar wancan karon. Ko ya faɗa, ko ke kika ƙera don in zo in sauke miki nauyi, ban sani ba, kuma har in mutu ba zan sani ba. Wannan ne abin da kika ƙwace mini, ya fi shekara goma sha ɗayan ciwo.

Abu ɗaya kika faɗa daidai. An ba ni alama na bi ban duba wa ya ba ni ba. Wannan karon na duba, na ga ko wace ce, kuma zan bi da idona a buɗe, don in gaskiya ce ban isa in bar ta a hannunki ba.

Litinin ta sama ba mu da wasa, na roƙi manaja ya ba ni hutun Talata. Zan sauka Carúpano da rana. Ƙwallon za ta kwana a farantin Mama, da safe mu hau jirgin Margarita, ke ki riƙe farantin, ni in riƙe ƙwallon. Kada ki dafa miyar kifi, ba zan ci ba. Zan shigo, in cire hula, in durƙusa a ɗakinsa, ki faɗi abin da kika ce ya faɗa, ba ragi ba ƙari.

Ki wanke hannunki da sabulu kafin ki ɗora mini a ka.

Argenis